Hannun Dela Mai Ƙanƙara

A Zangon Wagadugu an san Dela da abu biyu. Ita ke sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi a ƙofar gidan mijinta Ɗan Malam, ɗan kasuwar goro, kuma ita ake aikawa a kira idan mace ta rasu a unguwa, don ta gaji wankan gawa daga kakarta. Mace ce mai sanyin hali, ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Amma yara ba sa yarda hannunsu ya taɓa nata, domin kullum tafinta kamar ƙasan randa yake. Suna cewa sanyin matattu ne ya liƙe mata.

Shekarar da sanƙarau ya shigo gari, cikin tsakiyar bazara, Dela ba ta huta ba. Ta wanke amarya, ta wanke 'yan lakwal, wato yara 'yan makaranta, ta wanke wata mai kayan lambu daga unguwar Tanghin da suka yi ciniki da safe. Jikin kowa ya yi sanyi. Mutum ya ce kansa na ciwo, sai a kalle shi a yi shiru.

Wata ranar Talata 'yarta Madina, ita kaɗai Allah ya bar mata, ta dawo daga ɗebo ruwa ta ce wuyanta ba ya juyawa. Dela ta miƙa hannu za ta taɓa goshinta, yarinyar ta ja baya tana kuka.

"Inna, kar ki taɓa ni! Ban mutu ba tukuna."

Dela ta zauna daɓas a ƙasa. Maƙwabciyarta Fatu ce ta goya Madina, Ɗan Malam ya kai su asibiti a kan ƙaramin babur ɗinsa mobilet, Dela ta biyo su a baya. Ɗakuna sun cika, sai a ƙarƙashin rumfa aka shimfiɗa ta, aka yi mata allura. Jikinta kamar garwashi. Dela ta riƙa fasa ƙanƙara tana ƙullawa a ɗankwali, tana miƙa wa Fatu ta dafa mata a kai. Ita kuwa ta ɓoye hannuwanta a cikin zane.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Fatu ta fita sayo koko. Madina ta daina nishi, ta yi lamo. Dela ta daɗe tana kallon ƙirjinta, ta kasa gane ko yana motsi. Da ƙyar ta fito da hannu ta ɗora a ƙafar yarinyar. Sanyi ƙalau. Ta san irin wannan sanyin, daga ƙafa yake farawa.

Ba ta yi ihu ba. Da Fatu ta dawo sai ta ce mata a hankali, "Yaya Fatu, ke za ki yi mata wanka. Ni ba zan iya ba."

Fatu ta ajiye kwano, ta cusa hannu a wuyan Madina, ta fito da shi sharkaf.

"Ke Dela, gawa tana zufa ne? Zazzaɓin ne ya sauka!"

Madina ta tashi, amma ciwon ya tafi da jinta, sai an yi mata magana da hannu. Bayan wasu shekaru, da hukuma ta rushe Zango, suka koma wajen unguwar Dassasgho, inda Madina ta koyi ɗinki ta buɗe shago. Dela ta tsufa a kan benci a bakin shagon, tana karɓar saƙon masu kawo yadi tana kwatanta wa Madina da hannu.