Mashud Mai Sauraron Giya

Mashud ɗan Zangon Kumasi ne. Ya sauka London a 1986, bayan ya rantse wa tsohuwarsa cewa giya ba za ta taɓa harshensa ba har ya mutu. Sai ga shi aikin da ya samu a wata mashaya ne, can bayan kasuwar Whitechapel. Wanke kofi aka ɗauke shi. Ranar da mai haɗa giyar ya yi zuciya ya tafi, manaja, wani Bature mai jan wuya da ake kira Mista Gary, ya tura shi gaban kwalabe.

Giyar irin mai zaƙin nan ce kamar alewa: koriya ta kankana, shuɗiya ta lemo, fara ta kwakwa. Ana zuba ta a ɗan kofi da bai fi babban yatsa ba, su ce masa shot. Mai nauyin sukari a ƙasa, sauran a bi da su a hankali ta bayan cokali, su tsaya hawa-hawa. Wannan bai gagari Mashud ba, yaron da ya tashi yana zuba koko a kwanon mutane ba ya ɗiga. Matsalar ita ce dokar gidan: mai haɗi sai ya ɗanɗana.

Sai gogan naka ya ɗaga kofin ya kai kunne. Ya lumshe ido, ya girgiza kai, ya ƙara ɗigon abarba, ya sake kasa kunne. "Yanzu sun shirya da juna," in ji shi. Ya ce wa Mista Gary a ƙasarsu haka ake yi.

Turawa kuwa suka hau kai suka zauna. Kafin wani lokaci ba mai haɗiye shot a gidan sai ya saurara tukuna. Wata ta rantse ta ji ƙarar teku. Wani da ya riga ya yi nisa ya juye nasa a kunnen gaba ɗaya.

A gida matarsa Awabu ba ta raga masa. "Kai Mashud, giya bai shiga bakinka ba, amma rigarka kullum a buge yake. Jiya na shanya shi, ya faɗo daga igiya, ya kasa tashi."

Asiri ya so tonuwa a wata Kirsimeti, da ma'aikatan wani ofis suka yi booking na walimar rana. Da ciki ya ɗauka, suka fara buga tebur: sai mai sauraro ya sha nasa! Mista Gary ya matso ya raɗa masa, "Ko ka sha, ko ka ajiye min makulli."

Gumi ya keto wa Mashud cikin sanyin Disamba. Ya ce a ba shi izini ya ɗauko ta musamman. A jakarsa akwai goran zoɓon da Awabu ke haɗa masa da abincin rana, wanda ta cika wa citta kamar da gayya. Ya sa zuma a ƙasa, zoɓo a tsakiya, madarar kwakwa a sama. Ya saurara, ya yi bisimilla a zuci, ya haɗiye. Citta ta shaƙe shi, hawaye shar, yana tari yana dafe da kantar mashayar.

"Irin wannan muke so!" suka ɗauka baki ɗaya.

Ya zuba musu. Wallahi suka bugu. Wani mai laktaye ya haye tebur yana rawa. Wani ya fashe da kuka yana kiran uwarsa. Wata ta tsaya tana ba wa sandar rataye kwat haƙuri.

Mista Gary ya kurɓa. Shekarunsa a sana'ar sun isa ya san babu ko ɗigon giya a ciki. Ya dubi Mashud, ya dubi layin masu jira, sai shi ma ya fara tangaɗi.

Daga ranar aiki ya zauna, rantsuwa ma ta zauna. Awabu ce ta shiga uku, don tukunya ta yi kaɗan, sai a bahon wanka take jiƙa zoɓo, kuma bahon na duk mutanen benen da suke haya ne. Har ƙarshen shekarun casa'in, duk wanda ya zauna a benen nan, ka duba dunduniyarsa, ja ce.

Shi kuwa Mashud abu guda ya dame shi. "Awabu, in mutum ya bugu da zoɓo, zunubin na wa?"

"Na wanda ya hana mu wanka," ta ce. "Miƙo min rariya."