Kujerar Baba Manu

Ina ɗakin haihuwa ina wanke hannu, wajen hantsi, aka ce ana sallama da ni a waje. Na fito na tarar da Umaru, babban ɗan Baba Manu direba, yana tsaye riƙe da keke, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Tun kafin ya yi magana na san ba lafiya ba. Ya ce, “Sista Rifkatu, sai haƙuri. Baba ne, da asuba Allah Ya karɓi abinsa, yanzu muka dawo daga kai shi. Inna ce ta ce lallai in zo in gaya miki da bakina.” Na nemi benci na zauna. Aikina ya sa na saba da ganin zuwan mutum duniya da fitarsa, amma ranar na yi kuka a gaban masu jinya, ban ji kunyar kowa ba.

Waɗanda suka san tashar Gombe ba sa bukatar a gaya musu wane ne Baba Manu. Dogon Bafulatani ne siriri, mazaunin Bagadaza, wanda ya fara da karen mota tun zamanin Turawa, ya yi shekaru yana jigilar auduga da gyaɗa kafin jirgin ƙasa ya iso garin nan. Da baya ya fara damunsa sai ya ajiye babbar mota, ya sayi ƙarama, ya koma koya wa mutane tuƙi. Lokacin ya dace da shi, don kuɗin mai ya shigo ƙasa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, malamai da akawuna kowa ya yi mota, akasarinsu kuwa ko keke ba su gama ƙwarewa ba. Baba Manu ne ya zaunar da da yawa daga cikinsu a bayan sitiyari. A cikin ɗalibansa ni ce mace ta farko, kuma ni ce mafi gajarta, wannan kam ba gardama.

Da ni da maigidana Malam Yohanna muka yi mota, na ce ni ma sai na iya, domin ana kirana karɓar haihuwa a kowane lokaci, shi kuwa yana makaranta. Nan fa rigima ta tashi a gidanmu na Herwagana. Yayan mijina, Yaya Istifanus, wanda shi ne babba a dangi kuma tsohon direban babbar mota ne, ya ce ba da shi ba. A gaban kowa ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, “Wannan da ko kan sitiyari ba za ta hango ba? Yohanna, so kake ta kashe mana mutane?” Mijina mutum ne mai gudun ɓacin ran yayansa. Aka tsaya a kan cewa in koya, amma ranar da na ko ƙwarzane motar nan, na ajiye makulli ke nan har abada. Da wannan sharaɗin a wuyana na je wurin Baba Manu.

Ranar farko na tafi da matashin kai a hammata, don abin da mata suka ba ni shawara ke nan. Ya karɓa da ladabi, ya jefa shi kujerar baya. Ya ce, “'Yar nan, matashi na barci ne. Ranar da kika taka burki da gaske zai zame ya bar ki.” Sai ya tsuguna, da wannan ciwon bayan nasa, ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin kujera. Na ɗaga, kujera ta taho gaba sumul, na saki, ta ce ƙas. Ya sa na jijjiga ta da jikina gaba da baya, a tabbatar ta kama. Ya sa na taka kuloci har ƙasa, ya duba ko gwiwata tana da sauran lanƙwasa. Sannan madubi, sannan ƙofofi, har da ɗan madannin nan na bakin ƙofar baya da ke hana yaro buɗewa daga ciki, sannan bel na ɗaure jiki, wanda a lokacin mutane ke cusawa bayan kujera kamar wani tsumma. Ranar ko makullin bai ba ni na riƙe ba. Na koma gida ina cika ina batsewa, na ce wa mijina tsohon nan gyaran kujera kawai ya iya.

A lokacin, taɓa kujerar maigida ba ƙaramin abu ba ne. Direbobin gwamnati kan tuƙa motar ubangidansu a takure ko a miƙe, ba su isa su gusa kujera ba, wai raini ne. Yaya Istifanus ya taɓa shiga motarmu gwiwarsa ta bugi sitiyari, ya yi ta faɗa wai mace ta mai da kujerar mijinta kujerar tsakar gida. Na kai ƙara wurin Baba. Ya yi murmushi ya ce, “Ki gaishe shi. Amma burki bai san maigida ba, ƙafar da ta kai kansa kawai ya sani. Duk motar da kika shiga, ko ta wane ne, ki ja kujera daidai ke.”

Abin da ya fi tsananta a kai shi ne makulli. Sababbin motocin da suka shigo suna da kariyar ɓarayi: in ka kashe ka zare makulli, da ka ɗan murɗa sitiyari sai ya kulle, ba ya sake motsi. Tsofaffin direbobi kuwa suna da al'adarsu ta tun babbar mota, in sun zo gangara sai su kashe inji su saki mota ta tafi da kanta, don tattalin mai. Baba ya ce shi ma ya yi haka shekara da shekaru, kuma da ya fahimci sabuwar mota ya tuba. Ya bi tasha yana gaya wa abokansa, wasu suka ji, wasu suka ce Manu ya tsufa ya zama matsoraci. Mu ɗalibansa yakan kai mu wani fili a bayan gari inda ba kowa, mota tana tafiya a hankali, sai ya kashe injin ba zato, don ƙafarmu ta san yadda burki yake taurarewa. Yakan ce, “Kada ki yi ta dannawa kina saki, ƙarfinsa kike zubarwa. Taka sau ɗaya ki riƙe, ki jingina bayanki da kujera ki tura. Kada ki yi kokawa da sitiyari. Salati ko addu'a, yi da baki, ƙafa tana aikinta.” Na yi wannan har cinyata ta yi tsami.

Bai taɓa daka mini tsawa ba. In na yi kuskure sai ya ɓare goro, ya ce a sake. Ranar da na samu lasin, shi ya riga ni isa gida da albishir.

Ranar da zan ba da labarinta, muna dawowa ne daga bikin 'yar'uwa a Bauchi. Mijina bai samu zuwa ba, ni ke tuƙi. Surukata tana baya da wasu mata biyu na majami'armu, 'yata Saratu tana kan cinyar kakarta, lokacin ba a yaye ta ba. Yaya Istifanus yana gaba kusa da ni, tun daga Bauchi yake gyara mini tuƙi. Ana wahalar fetur a shekarar, ga kuɗi a hannun mutane ga layi a gidan mai, don haka idonsa yana kan allurar mai. La'asar sakaliya muka iso kan tudun nan da ake hango Gombe kwance a ƙasa. Kowa ya san gangaren, ya kuma san kwanar da ke ƙasansa da kwarin da ruwa ya zaizaye a gefe.

Ya ce, “Kashe ta, ki sake ta ta gangara.”

Na ce, “Yaya, ka yi haƙuri, wannan motar ba a kashe ta tana tafiya.”

“Ni za ki koya wa mota? Ina tuƙi ba a haife ki ba!”

Na taka kuloci ke nan zan rage giya, ya miƙo hannu ya murɗa makulli, ya zare shi, ya damƙe a tafinsa. Ba mugunta ya nufa ba, Allah Ya sani, abin da ya saba yi ne. Ya ce in mun isa ƙasa zai ba ni. Inji ya ɗauke. Na ɗan karkata sitiyari don bin hanya, sai na ji ya ce ƙas, ya tsaya cak a hannuna. Mota ta miƙe tana ƙara gudu, kwana tana tahowa, bayanta kwari.

Matan baya suka sa ihu, surukata tana kiran sunan Yesu. Yaya ya gane abin da ya faru, ya rikice, yana neman ramin makulli, makullin ya kuɓuce masa ya faɗi ƙasa. Ni kuwa wallahi ban yi tunanin komai ba, ƙafata ce ta tuna. Na saki kuloci a hankali, giya ta kama, mota ta yi gunji ta rage gudu. Na taka burki sau ɗaya na riƙe, na kafa bayana a kujera na tura da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni. Burkin ya yi tauri kamar na taka dutse. Da matashi ne a bayana da ya zame, da kujerar tana inda mijina yake barinta da ɗan yatsan ƙafata kawai zai kai. Kujerar ba ta gusa ba ko kaɗan. Na kama burkin hannu ina ja kaɗan-kaɗan. Muka sauka daga kwalta, muka shiga tsakuwa, ƙura ta turnuƙe, mota ta yi tangal-tangal ta tsaya. Da na leƙa, tsakanin tayar gaba da bakin kwarin bai fi a shimfiɗa tabarma ba. Saratu ce ta fara magana a motar, kukan nono take yi.

Ba wanda ya ji ko ƙwarzane, motar ma haka. Yaya ya fita ya zauna a ƙasa ya daɗe. Da ya tashi ya lalubo makullin, ya goge shi da rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, “Rifkatu, kai mu gida.” Na sa makulli, na ɗan girgiza sitiyari yadda aka koya mini har ya saki, na tayar. Na shigo Gombe ina danna ham ba dalili, mata suna waƙar yabo a baya, surukata tana guɗa ta taga. Tun daga ranar ba a sake tayar da maganar sharaɗi a gidanmu ba.

Washegari Yaya da kansa ya ce in kai shi Bagadaza. Ya tsuguna a gaban Baba Manu, sa'ansa, ya ba shi labarin duka, bai rage laifinsa ba. Baba bai ce masa ai na faɗa ba. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Istifanus, kai za su fi ji a tasha, je ka gaya musu.” Ya kuwa je, har yau yana gaya musu. Ni kuma Baba ya juyo ya tambaye ni abu ɗaya: “Kin jijjiga kujerar kafin ku taso?” Na ce na jijjiga. Ya ce, “To, madalla,” ya ba ni goro.

Da na tashi aiki ranar rasuwar na wuce gidan. Motarsa ta koyarwa tana ƙofar gida inda ya ajiye ta kafin ya kwanta ciwo, ta tare wurin da za a shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi. Direbobi sun cika wurin, kowannensu zai iya gusa ta. Ina ciki wurin Inna, matarsa, sai ga Umaru da makulli. Ashe Yaya Istifanus yana waje cikin masu zaman makoki, shi ya ce a kawo wa Sista, kuma ba wanda ya musa. Inna ta ce, “Tashi ki je, 'yata. Shi ma ke zai ce.”

Na buɗe ƙofa na zauna. Kujerar tana can baya, daidai dogayen ƙafafunsa, ƙafata ko kusa da burki ba ta kai ba. Ƙanshin goro da turarensa yana nan. Na kai hannu kan ƙarfen na kasa ɗagawa, don na san in na ja ta, ba mai sake mayar da ita wurin nan. Na daɗe a haka hawaye yana zuba, maza suna tsaye suna jira, ba wanda ya ce in yi sauri. Sai na tuna mutumin da nake wa kuka, da abin da zai ce in ya ga na tayar da mota ƙafata tana lilo. Na ja kujerar, ta ce ƙas, na jijjiga ta, sannan na sa makulli.

Allah Ya jiƙan Baba Manu, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa ya huta, Ya haskaka makwancinsa. Rayukan da suka sauko gangaren nan lafiya, da na matan da na isa wurinsu a kan lokaci saboda ya koya mini mota, Allah Ya sa su a mizaninsa. Allah Ya ba Inna haƙuri da juriya, Ya raya Umaru da ƙannensa, Ya rufa musu asiri, Ya haɗa kansu. Saratu ta shiga makaranta bana, a kujerar baya nake kai ta, ƙofa a danne yadda ya nuna mini. Allah Ya saka masa da alheri, amin.