Tambayar da Yaya Binta Take Yi Kafin Ta Sa Hannu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Dakta Binta, amma har yau in na ga tireloli sun yi layi a iyakar Jibiya, ita nake tunawa. Aikinta shi ne duba sakamakon gwajin ƙwaya a fitsarin direbobin wani kamfanin sufuri. In ta sa hannu cewa mutum ya sha, aikinsa ya tafi.

Ba ta taɓa sa hannu ba sai ta zaunar da direba ta tambaye shi, "Mi ka sha?" Sai ka ga ƙato ya zazzage leda a gabanta: maganin tari, na haƙori, da wanda ya saya a tasha a Maraɗi. Da yawa ta wanke su, domin magani ne na ciwo. Nakan tsokane ta cewa ta zama alƙaliyar fitsari, ta yi dariya ta ce ai gara ita da ni, ɗan zaman kashe wando.

Sai ga sakamakon Lawwali, ɗan kawunmu, wanda ta goya yana jariri. Ta yi masa tambayar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, tiramol ce. Barci nike korewa." Ta sa hannu, aka karɓe makullin mota. Kawu ya daina amsa gaisuwarta, yana cewa ashe naka shi ke ba da kai. Ranar na ga ta yi kuka. Duk da haka ita ta riƙa kai Lawwali asibiti a Katsina har ya rabu da ƙwayar, ta tsaya masa aka mayar da shi aiki.

Yanzu ina jin direbobi na cewa a wasu wuraren saƙon waya kawai ake turo wa mutum an sallame shi, ba wanda ya tambaye shi komai. Da tana raye, na san ba za ta yi shiru ba. Gaskiya ɗaci gare ta, amma Yaya ba ta taɓa barin mutum ya haɗiye ta shi kaɗai ba.

Ina kewarta ƙwarai. Ranar da ta rasu a Katsina, Lawwali ne ya tuƙo motar da ta ɗauko gawarta zuwa gida, a hankali, hannunsa ko rawa ba ya yi. Kawu na zaune a gefensa yana share hawaye. Allah ya jiƙanki, Yaya.