Namijin Bodak na Orval

Orval Tackett ƙanin mijina ne, bai taɓa aure ba. Sana'arsa zuwa garuruwa masu nisa saran itacen bodak yana fitar da turakun shinge, shi ya sa kullum hannuwansa rawaye ne da garin itacen. Baƙi suna ce wa itacen lemon Osej saboda ƙwallayensa kore masu gurzunu, waɗanda ko alade sai ya yi shawara kafin ya taɓa. Orval ya tsani sunan nan.

"Wane irin lemo? Dangin ɓaure ne. Fasa ki ga farin ƙaro."

A gonarmu ta Kansas, a Amurka, bodak bakwai ne, kakansu ya shuka, kuma daga su sai ka yi tafiyar yini ba ka ga wani ba. Shida suna 'ya'ya. Na bakwai, na bayan kicin, sai ƙaya da inuwa. Burin Orval ɗaya ne: ya tara ƙwayar irin itatuwan kakansa ya shuka, ya kewaye maƙabartar gidanmu, don iska ta daina kwashe ƙasar kaburbura.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. "Itacen nan kai ne sak, Orval. Ga tsawo, ga ci, ba ɗa ba jika."

"Ki dai bar mini shi, Vesta," ya ce yana dariya. "Yana aikinsa."

Ban tambaye shi wane aiki ba. Mutumin da ya koya wa 'ya'yana huɗu tatsar saniya, ya yi jinyar yayansa shekara biyu, shi nake wa gorin haihuwa.

Da ya tafi girbin alkama na sa aka sare itacen, aka ƙone kututturen, na kafa turakun shanya da rassansa. Da ya dawo ya daɗe yana kallon tokar, sannan ya shiga ya ci abincinsa.

Bayan shekara guda kaka ta zagayo, shidan suka zubo ƙwallaye kamar kullum. Na ce, "To, me aka rasa?" Ya ɗauki ɗaya ya raba da gatari, ya miƙo mini. Ba ƙwayar iri ko ɗaya a ciki.

"Shi ne namijin," ya ce. "Iska ce ke kai musu garin furensa."

Kunya ta hana ni ba shi haƙuri, shekara bayan shekara, har muka binne shi a maƙabartar nan da ba shinge. Wannan abu yana cina har yau. Turakun kuwa, shekara arba'in ke nan, ko alamar ruɓewa babu. A kansu nake shanya.