Sunan Da Tabawa Ta Kasa Kira

A Burumburum, in masara ta nuna, kakarmu Iya Gambo ba ta barin wutar murhu ta mutu bayan tuwo. Sai ta jera masara a kan garwashi, mu kuma mu zagaye ta. Ni ce mai zaƙewa gaba, ni ce kuma matsoraciyar gidan, ta kuwa sani sarai.

"Ke sarkin tsoro, matso nan," in ji ta. "Ga wata tatsuniya nan tafe, mai fitsarin kwance ba ruwana da shi."

Ta ce a zamanin da mahara ke kame mutane, akwai wani tsohon gari da aka haƙa wa hanya ta ƙarƙashin ganuwa. Da an buga kuge, mata da yara su zura ciki su ɓulla bakin rafi. Amma a tsakiya hanyar ta rabu biyu: dama mafita, hagu wani rami mai ruwa wanda ba a san zurfinsa ba.

Ran nan wata mata, Tabawa, ta shiga riƙe da ɗanta na fari, surukarta na biye da ita. Duhu baƙi ƙirin, ba a kunna fitila kada hayaƙi ya tona asiri. Yaron ya suɓuce mata. Tana jin 'yan sawunsa sun yi hagu. To uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle a gaban suruka, ko damuwa da shi ba ta nunawa. Sai ta ce, "Kai! Kai yaro!" Ramin kuwa cike yake da yara, wa zai san da shi ake?

Na ƙanƙame zanen Iya. "Iya, ta kira shi mana!"

"Sunan ya zo nan," ta taɓa maƙogwaronta, "ya tsaya."

Can sai ta jefa totuwa cikin bokitin ruwa, tsulum! Wallahi ihun da muka yi har maƙwabta sai da suka leƙo. Na fi wata ba na yarda in bi ta kusa da rijiya.

A lokacin na ɗauka ana tsorata mu ne kada mu riƙa sakin hannun manya. Sai bayan na yi aure, muka je biki Riruwai da dangin mijina, aka ce a leƙa tsofaffin ramukan haƙar ma'adinin kuza. Muna cikin wani dogon kogo mai ɗigar ruwa, fitilar wayar da ke haska mana ta mutu. A take na ji 'yata ta fari ta zare hannunta daga nawa, sawunta na yin gaba. Surukata na dab da kafaɗata. Na buɗe baki, abin da ya fito "Ke!" ne.

Na ƙwala da iyakar ƙarfina: "Hafsatu!"

"Na'am, Umma," daga can ciki, sai ga ta ta faɗo jikina.

Da muka fito surukata ta ce, "A'a, yau kuma sunan 'yar fari gatsal haka?" Na sunkuyar da kai, ban saki hannun yarinyar ba.

Iya ce ta koya mana kunya, har ta rasu ban taɓa jin sunan babanmu, ɗanta na fari, a bakinta ba. Amma yanzu na gane ba don ta tsorata yara take ba da labarin nan ba, mu take ba wa, 'yan matan da za su haihu wata rana.