Kaskon Duna a Gindin Aduwa

In ana zancen haƙuri, ni dai abin da Innarmu ta yi da wani baƙin kare a ƙauyenmu na ƙasar Bazaga ne ke faɗo mini a rai, kuma ban ga ranar da zai fita ba.

Duna sunansa. Marigayi babanmu ya bar shi, shi ke gadin awakin Inna. Aikinsa ba laifi, amma kwaɗayi kamar ya kashe shi. Da an ajiye kwanon tuwo sai ya tsuguna bakin tabarma yana zubar da yawu, mu kuma mu jefa masa loma don ya ƙyale mu. Wata rana Yayanmu yana cin abinci da surukinsa, Duna ya cusa baki cikin miya. Aka zubar da abincin, aka yi ta wanke kwano, Yaya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Inna, wanga kare ya gama zama gidan ga," in ji shi. "Kahin matata ta haihu zan ba da shi. Ba ni tara malamai ran suna shi kunyata ni."

Inna ta ce, "Ku kunka lalata shi da jihwal loma. Ku bam min shi."

Na tausaya mata ƙwarai, don na san ba awaki kaɗai take ji ba. Karen nan ne abin da ya rage yana yawo a gidan daga hannun babanmu.

Ta kafa doka: kowa ya jefa loma, ita da shi. Ta ajiye kasko can gindin aduwa. Da an zauna cin abinci sai ta ja Duna can ta ɗaure, ta zauna kusa da shi, nata tuwon a rufe. Sai kowa ya wanke hannu take ƙwanƙwasa kasko da muciya, ta zuba masa ƙanzo, sannan ta buɗe nata. Da fari kuka yake yana fizgar igiya, mu kuma muna dariya. Na ce, "Inna, tuwonki na hucewa." Ta ce, "Ba a koya ma mai yunwa haƙuri da loma a baki." Haka tsohuwar nan ta yi ta cin tuwo mai sanyi har Duna ya saba, ta kwance masa igiyar.

Ran suna aka shimfiɗa tabarmi, nama ko'ina. Wani baƙo ya hango Duna kwance, ya wurga masa ƙashi da tsoka jikinsa, ƙashin ya faɗi dab da tabarmar malamai. Duna ya miƙe, yawu na zuba, ya dubi ƙashin, ya waiga wajen Inna. Ba ta ƙwanƙwasa kasko ba. Sai ya koma ya ɗora haɓa a bakin kaskonsa.

Da aka watse, Yaya da kansa ya ɗauki ƙashin ya kai gindin aduwa, ya ce, "Inna, ara min muciyar."

Yau ina da 'ya'ya. Duk sanda zan hana su wani abu, sai na fara duba ko ni na iya rufe nawa kwanon.