Ɗorawar Inna Furera

A wani ƙauye kusa da Kiru, in aka ce miyar gidan wane ta yi daɗi, sai a tambaya, "Ta kai ta Inna Furera?" Alhali matar nan sai ta yi wata uku tukunyarta ba ta ga nama ba. Kuka ce, da barkono, da ɗan gishiri, sai daddawar da take yi da hannunta.

Sirrin duk yana jikin wata ɗorawa da mijinta ya mutu ya bar mata a tsakiyar gona. Da bazara ta sha garinta da 'ya'yanta, ta dafa kalwar kwana guda, ta surfa, ta wanke a rafi, ta rufe da ganye har ta yi. Rabi na tukunya, rabi ta ba da a ba ta gishiri da kanwa. Da haka ta raini marayu huɗu, ba wanda ya taɓa jin kukan yunwa a gidanta ko a tsakiyar damina.

Babbansu Gwadabe ne. Da yake ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba, sai dai "wannan yaron", har ya yi gemu.

Shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin gyaɗa ta yi daraja, kowa ya haukace. Gwadabe ya fara ƙunƙuni wai inuwar ɗorawar na kashe masa kunya goma ta gyaɗa.

"Ka yi mini rai ka bar ta," in ji Furera. "Ita ta cishe ku."

"Haba Inna! Wallahi ko reshe ba zan taɓa ba."

Ta yarda. Wa zai ƙi yarda da ɗan da ya haifa? Shi ya ɗora ta a jaki ma, ya raka ta suna Tudun Wada, ya ce ta huta ko mako ne. Ashe naka ke ba da kai.

Ranar da ta dawo ta tarar da itace jibge a tsakar gida, an faskara an jera tsaf. Ta ɗauki guda ta duba ɓawon, na ɗorawa ne. Ba ta tambayi kowa ba. Abin da ya fi ƙona mata rai rantsuwar nan ce, da rakiyar.

Da yamma ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa kuka, ba ta taɓa ragowar daddawarta ba. Gwadabe ya kai loma ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Inna, yau miyar lami ce. Ina daddawar?"

Ta nuna masa murhu, inda faskaren yake ci da wuta.

"Ga ta can, Gwadabe," ta ce.

Hannunsa ya tsaya a cikin akushi. Shekararsa talatin da biyu, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ranar.